Fijo 504 ko Marsandi 200, wacce zan saya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka dai kace kana Zariya, an kawo maka tsofaffin motoci guda biyu kuɗinsu kusan ɗaya, Fijo 504 salun ta Kaduna da kuma Marsandi 200 irin wadda ta gabaci V-boot, kana so ka san wacce tafi ƙarfi wacce tafi daɗin tuƙi, kuma aikin da zata riƙa yi maka shine zuwa gona wajen Soba duk sati, sai kai iyali Kano ko Kaduna lokaci lokaci.

Toh ni dai in ka bi tawa, Fijon zaka ɗauka, in har bodinta lafiya yake. Ba don tafi Marsandin kyau ko ƙwari ba, a'a, Marsandin tafi ta ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai hanyar da zaka riƙa bi da kuma bakaniken da zai riƙa taɓa maka ita su ne suka sa na faɗi haka. Bari in warware maka.

A takarda motocin nan biyu kusan kunnen doki suka yi, shi yasa mutane suke ruɗewa. 504 ta fito a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, mu kuma a nan kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa ta a 1975 kuma aka cigaba da yin ta har bayan shekarar 2000, lokacin da su Turawan sun daɗe da mantawa da ita. Injin da yafi yawa a cikinta shine mai cc 1971, silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 93 zuwa 96 gwargwadon shekara, akwai kuma ƙaramin mai cc 1796. Ita kuma Marsandin sunan bodinta a wajen kamfani W123, daga 1976 zuwa farkon 1986 aka yi ta, kuma 200 ɗin iri biyu ce, wannan ka riƙe shi da kyau. Ta kafin 1980 injinta M115 ne, cc 1988, doki 94. Daga 1980 aka canza zuwa M102, cc 1997, doki 109. In ka buɗe bonet ka ga injin a tsaye ƙyam kuma kafireto da salansa duk gefe ɗaya suke to tsohon ne, in ya ɗan karkata kuma kafireto na gefe ɗaya salansa na ɗaya gefen to sabon ne.

Kaga kenan in mai tsohon injin aka kawo maka ƙarfinsu ɗaya da Fijo, amma Marsandi tafi nauyi, wajen kilo 1,340 take ita kuma 504 kilo 1,200 da ɗan wani abu, don haka a tashi daga tsaye ko hawan tudu da kaya Fijon ce zata ji maka kamar tafi kuzari. In mai M102 ce to a doguwar hanya zata wuce Fijo, gudunta na ƙarshe ya kusa 170 ita kuwa Fijo 160 da ɗoriya, sai dai tsakani da Allah waye zai taka motar da ta shekara arba'in har can, dan Allah kar ma ka gwada. Tsawo Marsandi mita 4.7 da ɗan kai, Fijo mita 4.5 ba kaɗan, faɗi ma Marsandi ta ɗara ta da kamar santimita 10 wanda zaka ji shi in mutum uku manya suka zauna a baya. Tankin Marsandi lita 65, na Fijo lita 56. Shan mai kuwa kar wani ya yaudare ka, duka biyun mashaya ne a ma'aunin motocin yanzu, in kafireto lafiya ka sa ran kilomita 8 zuwa 9 a lita akan hanya, cikin gari ƙasa da haka, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wannan lissafin ba abin wasa bane.

Yanzu ga inda maganar take, wato tuƙi, don anan ne suka rabu gaba ɗaya.

Sitiyarin 504 rak ne, irin wanda yawancin ƙananan motoci suke dashi yanzu, abinda taya ta taka kana jin sa a tafin hannunka, kana juyawa tana amsawa nan take. Da yawa na Kaduna basu da fawa, a tsaye sitiyarin da nauyi sai ka sa ƙarfi wajen fakin, amma da zarar ta fara motsi sai ya saki ya zama daidai. Marsandi kuwa akwatin sitiyari gare ta da sanduna, ga kan sitiyarin nan ƙato, an yi shi ne don ya tace maka girgizar hanya kada ta iso hannunka, har da wani ɗan shokozoba a kwance a jikin sandar. Tana sabuwa ma akwai ɗan wasa a tsakiya, toh balle yanzu da ta tsufa, zaka ga mutum yana tafe a miƙaƙƙiyar hanya yana ta kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan kaɗan, wannan akwatin ne ya ci ko bushin ɗin hannun da ke ɗaya gefen ya mutu. Akwai noti a saman akwatin da ake rage wasan dashi, amma wanda bai sani ba zai matse shi har sitiyarin ya daina dawowa da kansa bayan kwana, kuma hakan yafi wasan haɗari. Abin mamaki da girmanta Marsandi tana juyawa a ƙaramin fili sosai, tayoyin gaba har kwantawa suke ɗan yi in ka kai sitiyari ƙarshe, a lungu bata wahalar da mutum.

A kwalta mai kyau, misali ka hau titin Zariya zuwa Kano inda aka gyara, Marsandi babu abokiyar karawa. Tana kama ƙasa, tirela ta wuce ka iskarta bata ture ka, ƙarar waje bata shigowa sosai, ƙofa in ka rufe kaji ta rufu da nauyi, ka yi awa uku kana tuƙi ka sauka ba gajiya. Birkinta faranti ne duka ƙafa huɗu kuma in ka taka da ƙarfi gabanta baya nutsewa sosai saboda yadda aka tsara ƙafafun gaban. Fijo a wannan hanyar tana da daɗi ita ma amma daɗinta daban ne, laushi ne, tana lilo a hankali kamar kwalekwale a ruwan da ba iska, in ka shiga kwana da gudu zata kwanta gefe ɗaya har wanda bai saba ba ya kama kujera, amma tayoyin basa sakin ƙasa, kwanciyar ce kawai. In giya huɗu ce kuma ka haura 110 injin zai fara kuka yana neman ta biyar, akwai masu giya biyar a na baya bayan nan, in ita ce aka kawo maka ka yi sa'a.

Amma ka sauka daga kwalta ka hau burji, hanyar gona mai gargada da ramuka da inda ruwa ya zaizaye, nan 504 take nuna ko ita wacece. Sifirin ɗinta dogaye ne masu laushi, taya tana da nisan hawa da sauka kafin ta kai ƙarshe, shokozobanta kuma Peugeot da kansu suke ƙerawa a lokacin kuma sun iya, shi yasa a gargada in ka samu gudun da ya dace sai kaji ta lafa tana shanye komai, bayanta baya tsalle yana neman juyawa. Cikinta ya fi na Marsandi tashi daga ƙasa. Sannan farfelarta a cikin bututun ƙarfe take tun daga giyabos har aksul, ba a fili ba, dutse ko kututture ko ciyawa basa samun ta, kuma a mai aksul ɗaya miƙaƙƙe wannan bututun shine yake ɗaukar turin da tayoyin baya suke yi ya kai shi gaba, bodi baya wahala. Ba banza ba 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, kuma ba banza ba direbobin tasha suka shekara da shekaru suna loda wagon ɗinta daga Kano zuwa Maiduguri, daga Sakkwato zuwa Legas. Ka leƙa ƙarƙashin wadda aka kawo maka, don salun ɗin iri biyu ce, akwai mai ƙafar baya kowacce da kanta da shaf biyu, akwai mai aksul ɗaya miƙaƙƙe irin na wagon. Ta farkon tafi laushi da riƙe hanya, ta biyun tafi jure buhuna kuma gyaranta yafi sauƙi, kai da kake zancen gona ko wacce ka samu ba laifi.

Kar ka ɗauka ina cewa Marsandi raguwa ce a mummunar hanya, wallahi ba haka bane, irin wannan bodin ne mai inji 280E ya ci tseren Landan zuwa Sidni a 1977, kuma a Maroko shekaru da yawa 240D, wato mai dizal ta wannan bodin, ita ce tasi tsakanin garuruwa da mutum shida a ciki. Zata je gonar ta dawo. Matsalar ita ce ƙafar gabanta tana da boljoyin da bushin da yawa, sama da ƙasa da sandar da take riƙe ta in an taka birki, kowanne roba ne, gargada kuma abincinta roba, ga nauyi, ga gindin inji kusa da ƙasa, sifirin baya kuma in ya gaji sai ta zauna salansa ta riƙa taɓa ƙasa. Farfelarta ma da faifan roba ake haɗa ta gaba da baya da kuma beyarin a tsakiya, in faifan nan ya tsage kana gudu ɓarnar da yake yi ba kaɗan bace. Duk waɗannan in ka sa na asali zasu daɗe, amma na asalin tsada, na banzan kuma damina ɗaya sun gama.

Wani abu ƙarami da mutane basa faɗa, hanbirkin Marsandi da ƙafa ake taka shi a saki da hannu, in giyar hannu ce kuma ka tsaya a tudu sai ka saba kafin ka iya tashi bata koma baya ba. Kujerunta kuma sifirin ƙarfe ne a ciki da wani abu kamar ɓawon kwakwa, in sun tsufa gefen direba yana zubewa, na Fijo soso ne mai kauri kuma har yau ban zauna a kujerar tsohuwar mota da ta kai ta daɗi ba.

Sai maganar inji da gyara, wanda a ganina shine rabin amsar.

Injin 504 tsohon tsari ne mai sauƙi, kamshaf a ƙasa da sandunan tura bawul, sarƙa ce take ja ba bel ba, an kwantar dashi gefe ɗaya, komai hannu yana kai wa. Babban alherinsa shine silibarsa, wato bututun da fistin yake hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, in inji ya gaji ba sai an kai bulok wajen masu boring ba, sai ka sayi siliba da fistin da ringi saiti guda a zuba, inji ya dawo sabo. Amma nan ne kuma lagonsa yake. Tof silinda alminiyom ne, baya son zafi ko kaɗan, in ta yi obahitin sau ɗaya mai tsanani gasket ya tafi ko tof ɗin ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kuma duk bakaniken da ya cire tof ya juya inji ba tare da ya danne silibar ba to ya ɗaga su daga mazauninsu, sil ɗin ƙasa ya lalace, a haɗa inji ruwa ya cigaba da sauka cikin mai ana ta neman dalili. Tsofaffin masu gyaran Fijo duk sun san wannan, yaran yanzu da suka tashi akan Toyota da Honda da yawa basu sani ba, don haka ka nemi dattijo. Fankarta tana da wani maganaɗisu da yake kama ta in inji ya yi zafi, yawanci an riga an ɗaure ta dairek, a zafin mu wannan ba aibu bane. Abinda nake roƙonka shine ka wanke lagireto ka daina zuba mata ruwan rijiya zalla, shi yake cinye tof ɗin daga ciki. Ɗaya lagon kuma haƙoran bakin farfela ne, in suka cinye zaka sa giya ka saki kuloci inji na kuka mota bata motsi, alamarsa tun da wuri ita ce ƙara ƙwas daga ƙasa duk sanda ka saki totur ka sake takawa.

Injin Marsandi yafi wannan daɗewa in ana kula dashi, M115 musamman, ƙarfe ne na gaske, zai iya shekaru ba a buɗe shi ba. M102 yafi ƙarfi yafi sauƙin mai kaɗan amma yana son baƙin mai mai kyau akan lokaci, in ana wasa da juye kamshaf yana cinyewa, sarƙar taimin ma tana miƙewa kaji tana kaɗawa da safe. Inda ake shan wahala shine kafireto, Stromberg ne, yana da wata roba kamar faifai a samansa da kuma ɗan wajen zuba mai, in robar ta huje mota ta dinga shaƙewa tana baƙin hayaƙi, ga otomatik cok da yake maƙalewa. Wanda ya iya shi minti kaɗan ne, wanda bai iya ba zai ce a cire a ɗora na wata motar, daga nan kuma shan mai da rashin silo sun samu wajen zama. Na Fijo Solex ne ko Zenith, ko a ƙauye aka tsaya za a samu wanda zai buɗe ya busa jet ya mayar. In kuma ka duba ka ga ashe 230E ce aka liƙa mata lambar 200, mai injekta, doki 136, daɗin tuƙi kam ba a magana, amma injektar nan ta inji ce ba ta kwamfuta ba, bata son dattin mai ko na ƙwayar zarra kuma masu gyara ta sun yi ƙaranci sosai, ga wanda yake sayen mai a galan a hanyar ƙauye ban ba shi shawara ba. Lok ɗin ƙofofinta ma da iska yake aiki, ƙananan tiyo ne suka zagaye motar, in ɗaya ya tsage sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kayan gyara kuwa, na 504 har yanzu in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zaka samu, sabo da na hannu, saboda yawan da aka yi ta a ƙasar nan, tun zamanin mulkin soja na Obasanjo da aka mayar da ita motar gwamnati kowace ma'aikata da ita take aiki, ga Fijo 505 da suke musayar abubuwa da yawa na inji da ƙafa. Sai dai jabu ya yi yawa, musamman kwantak da kwandensa da shokozoba da fanfon ruwa, gara tsohon na asali mai lafiya da sabon da ba a san inda aka yi shi ba. Na Marsandi akwai su, har sababbi ana yi a waje don masu sha'awarta a duniya suna da yawa, amma sau da yawa sai an aiko daga Legas ko an yi oda, kuma kuɗin ba ɗaya ba.

Duk wannan bayanin da na yi zai rushe in bodin Fijon ruɓaɓɓe ne, don inji ana gyarawa, giya ana canzawa, amma tsatsa in ta ci inda ƙafa take ɗaure ba fanel bitan da zai mayar da ita yadda take. Ka je da rana, ka ɗaga kafet gaba da baya, ka duba saman shokozoban gaba a cikin bonet ko akwai tsagewa ko tabon walda, ka duba inda ƙarfen ƙafar baya ya kama bodi, da ƙasan ƙofofi, da cikin but. Yawancin 504 da suka rage sun yi haya ko sun yi aikin gwamnati an yi gwanjonsu, wasu an yi hatsari an miƙe su, ka tsaya a bayanta wani ya ja ta a hankali ka gani ko tana tafiya a karkace. A Marsandi ka duba ramukan jak guda huɗu, ƙarƙashin batir, bakin tayoyin baya da ramin safaya taya, in daga Turai ta shigo da tsufanta gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi ya riga ya fara aikinsa, in kuma ta zauna a Legas ko Fatakwal shima haka. Wadda ta yi rayuwarta a arewa tafi tsira. In ka ga Fijon ta sha walda ta ko'ina ita kuma Marsandin tsaf take a hannun mutum ɗaya tun asali, toh ka ɗauki Marsandin, ka canza robobin ƙafa gaba ɗaya da faifan farfela tun ranar farko, ka riƙa bin hanyar gonar a hankali.

Wajen gwaji kada ka yarda a tayar maka da ita kafin ka zo, ka taɓa inji ka ji da sanyi sannan a yi kik a gabanka, ka kalli hayaƙi, ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko akwai fari fari kamar madara, ka buɗe lagireto tun da sanyi ka ga ko yana tsirto kumfa in an taka totur. Sannan ka tuƙa kowacce a kwalta da kuma burji, ba zagayen layi kawai ba, a miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ƙarfi sau biyu uku. Ka duba tayoyin ma, duka biyun rim 14 ne, 175 aka tsara musu, mutane suna son sa musu tayar bas mai C saboda ƙarko kuma ita take kashe laushin Fijo ta sa Marsandi ta riƙa dukan ƙafa, in ka ji mota tana tauri ka fara duba wannan kafin ka zargi shokozoba. Kuma ko wacce ka saya ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a gefe, tiyon birki da man birki da ledar birki da tiyon mai da na ruwa duk a canza su kafin ka ɗora iyali a ciki. Allah Ya sa albarka Ya tsare hanya.